Aikin Kwamfuta a Gajimare: Abin Lura daga Masana'antun Kudenda



Abin da za a tattauna a yau shi ne wata hanya ta yin aikin kwamfuta wadda Turawa suka laƙaba wa sunan gajimare, da kuma abin da ya kamata wata ma'aikata ko wani kamfani ya sani tun kafin ya miƙa mata littattafansa. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan magana ta injiniyoyi ce, ba ta da gurbi a zauren nazarin harshe. To, amma wanda ke sa hannu a takardar yarjejeniya galibi babban sakatare ne, ko ma'aji, ko manajan masana'anta, kuma ɗaliban da ke zaune a nan su ne za su gaji waɗannan kujeru. Mutum kuwa ba ya iya cinikin abin da bai san sunansa da harshensa ba, sai dai a yi masa ciniki ya biya.

Sunan da abin da ke bayansa

Kalmar gajimare ta samo asali ne daga wata al'ada ta masu zana taswirar hanyoyin sadarwa. Idan sun zo wurin da wayoyin ofis suka fita suka shiga babbar hanyar da ba tasu ba, sai su zana siffar girgije, watau suna nufin abin da ke faruwa a can ciki ba damuwarsu ba ce. Daga nan sunan ya bi abin. Ga Bahaushe wannan suna yana da ruɗi, domin gajimare a wurinsa abu ne mai yawo a sama, ba shi da mai shi, ba a kuma kama shi da hannu. Gaskiyar al'amarin kuwa ita ce, abin da ake kira gajimare gine-gine ne manya-manya a bisa ƙasa, da katanga da masu gadi, cike da dubban kwamfutoci waɗanda ke shan wuta dare da rana, suna kuma bukatar a riƙa sanyaya su. Kowane gini yana da mai shi, yana cikin wata ƙasa, kuma dokar wannan ƙasa tana hawa kansa. Da za a raɗa wa abin suna da Hausa tun farko, da "kwamfutar haya" ya fi dacewa da shi. Amma tun da sunan gajimare ya riga ya bazu, za a yi amfani da shi a nan, muddin mai sauraro ya riƙa tuna cewa maganar haya ake yi.

Tunanin ba sabo ba ne. Cikin shekarar 1961, wani masani Ba'amurke mai suna John McCarthy ya faɗa a wani taro na jami'ar MIT cewa wata rana za a iya tsara aikin kwamfuta ya zama hidimar jama'a kamar yadda aka tsara wayar tarho. A wancan zamani kwamfuta takan cika ɗaki guda, kuma sai jami'a ko gwamnati ko babban kamfani ke iya mallakarta. Mai bukata yakan kai aikinsa cibiyar kwamfuta a kan katuna masu huji, ya koma gida ya jira sakamako. Waɗanda suka yi karatu a Zariya a shekarun baya za su tuna da cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda daga bisani aka sa wa sunan Iya Abubakar. Da ƙananan kwamfutoci suka yawaita cikin shekarun 1980, sai kowane ofis ya sayi nasa, aka watse daga cibiya. Yanzu kuma ga shi an sake komawa cibiyar, sai dai ta yi nisa, kuma ta wani ce.

Kasuwar kamar yadda aka san ta a yau ta soma ne cikin 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar wurin ajiyar bayanai a watan Maris, sa'an nan hayar kwamfutoci da awa a watan Agusta. Google ya fito da nasa dandamali mai suna App Engine cikin 2008, Microsoft kuma ya buɗe Azure ga jama'a cikin 2010. Dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce iya raba kwamfuta guda mai ƙarfi ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowace tana aiki ba ta san da 'yar'uwarta ba, kamar yadda mai gidan haya kan raba gida ɗaki-ɗaki, kowane ɗan haya da makullinsa. Kamfanin IBM ya san wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya ƙaru shi ne intanet mai sauri, wadda ta sa ɗan haya zai iya zama a Kaduna alhali ɗakin da ya kama yana Ayalan.

Hawa uku na haya

Cikin 2011 hukumar ma'aunai ta Amurka, watau NIST, ta fitar da bayanin da yawancin masana ke bi har yanzu, inda ta kasa wannan haya gida uku. Misalin tela zai sauƙaƙa fahimta. Akwai telan da ke kama shago wayam, ya kawo kekensa da teburinsa da almakashinsa, in keke ya lalace shi zai nemo mai gyara. Wannan shi ne hawa na farko: ana ba ma'aikata hayar kwamfuta da wurin ajiya, sauran ɗawainiya duk tata ce. Akwai kuma wanda ba ya ɗinki ko kaɗan, sai dai ya shiga kanti ya sayi riga ɗinkakkiya. Wannan shi ne hawa na uku: manhaja gamammiya wadda ake biya a yi amfani da ita yadda take, kamar Gmail ko Microsoft 365, ko irin wadda kamfanin Salesforce ya fara sayarwa tun daga 1999.

Hawa na tsakiya shi ne ainihin batun wannan lacca, kuma shi ne za a kira hayar dandamali. A nan telan yakan shiga shagon da aka riga aka jera kekuna, aka ja wuta, aka ajiye mai gyara a bakin ƙofa. Abin da zai kawo shi ne yadinsa da gwanintarsa. Idan sallah ta matso aiki ya yi yawa, sai a ƙara masa kekuna goma a ranar, bayan sallah kuma a janye su, ba zai biya kuɗin keken da ke zaune ba. A harshen kwamfuta, ma'aikata takan rubuta manhajarta, alal misali ta biyan albashi ko ta rajistar filaye, ta ɗora a kan dandamalin. Mai dandamali shi ke kula da injuna, da babbar manhajar da ke tafiyar da su, da rumbun bayanai, da toshe ɓarakar da ɓarayin intanet kan bi, da kwafe bayanai zuwa wani gini dabam saboda tsaron gobara. Ana kuma auna abin da aka ci a biya, kamar yadda mita ke auna wuta.

Amfanin wannan a bayyane yake ga duk ofishin da aikinsa ke da kaka da rani. Hukumar jarrabawa takan yi wata da watanni shafinta shiru, ranar da aka saki sakamako kuwa dubban ɗaruruwan yara za su far masa cikin awa guda. Jami'a ma haka take a makon rajista, ofishin haraji kuma a ƙarshen wa'adi. Idan irin wannan ofis zai sayi injunan da za su ɗauki nauyin ranar cunkoso, to za su yi sauran shekara suna shan wuta a banza. Idan kuwa ya saya daidai bukatar yau da kullum, ranar cunkoso sai shafin ya durƙushe, iyaye su cika harabar ofis. Hayar dandamali ta warware wannan matsala warwara ta gaske, kuma duk mai adalci ya kamata ya yarda da haka kafin ya shiga lissafin aibobinta.

Me ya kawo Kudenda cikin magana?

Masu tallar gajimare suna da wani misali da suke ƙauna, wanda marubuci Nicholas Carr ya yayata a wani littafi da ya fitar cikin 2008. Sukan ce a ƙarni na 19 kowace masana'anta a Turai da Amurka ita ke samar wa kanta ƙarfin da ke juya injunanta, ko da tururi ko da ruwan kogi. Bayan da Thomas Edison ya buɗe tashar wuta a birnin New York cikin 1882, aka kuma gina manyan tashoshi a shekarun da suka biyo baya, sai masana'antu suka ga ya fi musu araha su sayi wuta daga waya, su mai da hankali kan sana'arsu. Don haka, in ji su, yadda ba wanda ke gina tashar wuta don kansa, nan gaba ba wanda zai ajiye ɗakin kwamfuta don kansa.

Misalin yana da kyau a inda aka ƙirƙire shi. Amma a kawo shi Kaduna a gani. Duk wanda ya bi hanyar Nnamdi Azikiwe, wadda ta zagaye garin ta yamma, ya haye kogi ya nufi kudu, zai iske unguwar masana'antu ta Kudenda, ba nisa da Kakuri. Wannan yanki shi ne ya taɓa zama abin alfaharin Arewa. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, zamanin Sardauna, wasu masaƙu suka biyo baya, kuma a nan kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci cikin 1975. An kafa waɗannan masana'antu ne bisa zaton wuta za ta zo daga waya, musamman bayan kammala madatsar Kainji cikin 1968 da kafa hukumar NEPA cikin 1972. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Wuta ta riƙa gazawa, masana'antu suka sayi manyan janaretoci, kuɗin mai ya hau kan kuɗin yadi, yadin waje mai araha ya shigo ta ɓarauniyar hanya, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. A Kudenda ɗin kanta Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar gina tashar wuta mai ƙarfin megawat 215 cikin 2009, domin a farfaɗo da masana'antun, aka kuwa shafe fiye da shekara goma tashar ba ta fara ba da wuta ba.

Saboda haka idan aka ce wa manajan masana'anta a Kudenda ya kwantar da hankalinsa, kwamfuta za ta riƙa zuwa masa kamar wutar lantarki, to an tsoratar da shi ne ba a sani ba. Tarihin unguwarsa ya bi hanyar Carr ne a juye: daga dogaro da waya zuwa ajiye injin kai. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba a ce masa matsoraci.

Sai dai wannan tarihi yana yanka ta fuska biyu, kuma a nan ne maganar ta yi daɗi. A ɗauka ga wata masana'anta a Kudenda mai ma'aikata ɗari biyu, tana da ɗaki guda inda ta ajiye kwamfutocin da ke riƙe da lissafin sito, da albashi, da basussukan dillalai. Wannan ɗaki yana bukatar wuta ba yankewa, da na'urar sanyaya ɗaki a zafin watan Afrilu, da kariya daga ƙurar hunturu, da ma'aikaci gwani wanda kullum wani banki a Legas ko wani kamfani a ƙasar waje ke zawarcinsa. Duk daren da aka ɗauke wuta, sai an ƙona man gas domin injuna uku ko huɗu kawai. Rashin wutar da ya sa manajan ke tsoron dogaro da wani, shi ne kuma ya sa ajiye injin a gida ya yi masa tsada fiye da takwaransa na Jamus. In ya mai da lissafinsa kan dandamali, ya sauke wannan kaya, domin ƙaramar kwamfuta mai batir ko ma wayar hannu ta isa a shiga. Amma fa ya sauke nauyin wuta ne ya ɗauki nauyin waya.

Hanyar da bayanai ke bi

Saƙon da akawu ya aika daga Kudenda yakan bi zaren gilashi da aka binne a gefen hanya har Legas, domin a gaɓar teku ne manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka. SAT-3 ta fara aiki a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 suka zo cikin 2010, WACS da ACE cikin 2012, sa'an nan Equiano ta kamfanin Google ta iso Legas cikin 2022. Shekaru da dama cibiyoyin manyan kamfanonin nan uku mafi kusa da Nijeriya suna Turai ne. Sai cikin 2019 Microsoft ya buɗe nasa a Afirka ta Kudu, Amazon ya bi cikin 2020 a Cape Town, Google kuma cikin 2024 a Johannesburg. A cikin gida akwai cibiyoyin adana bayanai a Legas, irin su Rack Centre da MDXi, akwai kuma Galaxy Backbone, kamfanin da Gwamnatin Tarayya ta kafa cikin 2006 domin hidimar ma'aikatunta, mai cibiya a Abuja da wata a Kano.

Wannan doguwar igiya tana iya tsinkewa a ko'ina. Ran 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a lokaci guda a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi da yawa a Nijeriya suka shiga wahala, gyaran kuma ya ɗauki makonni. A tudu kuwa, masu aikin hanya kan tsinke zaren gilashi da katafila ba tare da sun san abin da suka taɓa ba. Akwai kuma irin yankewar da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. A ƙarshen watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara a farkon watan, kuma sai wajen ƙarshen Nuwamba aka buɗe. Asibiti ko ofishin ƙaramar hukuma da ke cikin irin wannan yanki, in duk fayilolinsa suna gajimare, to tamkar an kulle masa rajista ne an tafi da makulli wata biyu. Don haka tambayar farko da shugaban ofis zai yi wa mai kawo masa talla ita ce: ranar da layi ya yanke, wane aiki ne zai ci gaba, kuma in layin ya dawo, yaya za a haɗa abin da aka rubuta a tsakani da wanda ke can?

Kuɗi

Manyan kamfanonin nan da dala suke lissafi. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya a farashin hukuma tana wajen naira 460. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Ke nan ofishin da ke biyan dala 1,000 a wata, wanda ya tanadi naira 460,000 a kasafinsa, ya wayi gari ana bin sa fiye da naira miliyan ɗaya da rabi, alhali bai ƙara aikin komai ba. Wannan ne ya sa wasu kamfanonin Nijeriya suka fara waiwayar masu ba da haya na cikin gida. Ko da an yarda a karɓi biya da naira, ya kamata a duba ko farashin da naira aka yanka shi, ko kuwa dala ce aka juya a ranar biya.

Ma'aikatan gwamnati suna da wata matsala tasu ta dabam. Sayen injin kwamfuta yana shiga kason manyan ayyuka ne, a saya sau ɗaya, a rubuta a littafin kadarori, odita ya zo ya gan shi da idonsa. Haya kuwa tana cikin kason ayyukan yau da kullum, wanda kowa ya san yadda yake makara. Injin da aka saya yana ci gaba da aiki ko an yi wata uku ba a saki kuɗi ba. Mai dandamali kuwa ba ya jiran bauca ta zagaya tebur bakwai. Yakan aiko da gargaɗi, sa'an nan ya rufe, kuma bayan wani wa'adi yana da ikon share abin da ke ciki. Har ila yau mitar nan da aka yaba ɗazu tana iya zama masifa, domin in wani ma'aikaci ya kunna injuna don gwaji ya manta bai kashe ba, lissafi yana tafiya har sai takardar biya ta iso.

Amana da doka

Fatake na dā, in sun sauka a Kano, sukan ajiye kayansu wurin fatoma, shi ya ba su masauki, ya tsare dukiyar, ya kuma haɗa su da masu saye. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne an san fatoma, an san gidansa, kuma in ya ci amana akwai alƙalin da zai iya kiransa. Bayanan ma'aikata, da na marasa lafiya, da na masu biyan haraji, ajiya ce irin wannan, sai dai fatoman yanzu yana iya kasancewa a wata nahiya. Cikin 2018 Amurka ta yi wata doka wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ta hanyar shari'a, ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Ita ma Nijeriya ta yi nata tanadi. Hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idoji cikin 2013 waɗanda suka bukaci a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa, sa'an nan cikin 2019 ta fitar da manufar da ke ƙarfafa wa ma'aikatu gwiwa su fara duba gajimare kafin su sayi injuna, tare da rarraba bayanai gwargwadon sirrinsu. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta gindaya sharuɗɗan fitar da bayanan mutane zuwa waje, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Abin da ya fi muhimmanci ga mai sauraro shi ne, a idon wannan doka, ofishin da ya tara bayanan ba ya kuɓuta daga alhaki don ya ba wani ajiya.

Su ma kamfanonin haka suke rubutawa a yarjejeniyarsu: tsaron ginin da injunan nasu ne, abin da ɗan haya ya ɗora da yadda ya tsara shi kuwa nasa ne. An ga misalin wannan a zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023. Shafin da hukumar zaɓe ta tanada domin nuna sakamakon rumfuna yana kan injunan Amazon ne, kuma a ranar sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa ya ƙi. Bisa bayanin da hukumar ta bayar daga baya a rahotonta, matsalar ta taso ne daga yadda aka tsara manhajar, wadda ke jera sakamako jiha-jiha, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha guda ba ne. Gardamar siyasar da ta biyo baya ba ta cikin wannan lacca. Abin lura kawai shi ne, ko bisa faɗar hukumar da kanta, keken yana lafiya, a wajen yanka yadi aka samu kuskure.

Ba kuma za a ce masu dandamalin ba sa tuntuɓe ba. A watan Fabrairu na 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskuren buga umarni, shafuka masu yawa suka tsaya na awoyi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka yi asarar bayanansu har abada. Alkawarin da akan rubuta cewa hidima za ta kasance a tsaye kashi 99.9 cikin ɗari yana da daɗin ji, amma in aka lissafa, ya halatta tsayawar kusan awa tara a shekara, kuma diyyar da akan biya in an wuce haka ragin kuɗin haya ne kurum, ba ta kai asarar da ofis ya yi ba.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da hayar dandamali fiye da sauran hawa biyu, shi ne wuyar fita. Telan da ya saba da keken wani shago, ya yanka duk ma'auninsa bisa teburin shagon, ranar da aka ce ya tashi zai sha wuya. Kowane dandamali yana da nasa salon, kuma manhajar da aka rubuta dominsa ba ta cika tafiya a wani wuri ba sai an sake mata aiki. Kamfanin Facebook ya sayi wani dandamali mai suna Parse cikin 2013, dubban masu manhajar waya suka dogara da shi, sai a watan Janairu na 2016 aka ba su sanarwar shekara guda su kwashe kayansu. Heroku kuma ya soke hayarsa ta kyauta a watan Nuwamba na 2022, ɗalibai da ƙananan ƙungiyoyi da yawa suka rasa matsuguni. Masana sun samar da magani gwargwado, watau dabarar ƙunshe manhaja cikin wani irin akwati wanda za a iya ɗauka daga wannan dandamali zuwa wancan, wadda ta yaɗu bayan fitowar Docker cikin 2013 da Kubernetes cikin 2014. Cikin 2024 kuma manyan kamfanonin uku suka sanar da yafe kuɗin fitar da bayanai ga wanda zai bar su gaba ɗaya, bisa wasu sharuɗɗa. Duk da haka, wannan dabara sai an nemi a yi amfani da ita tun ranar da ake rubuta manhajar, kuma ɗan kwangila ba zai yi ba in ba a sa masa a takarda ba.

Wani abu kuma da ya fi duk waɗannan yawan faruwa a ofisoshin ƙasar nan, ga shi ƙarami a ido, shi ne sunan wanda aka buɗe asusun da shi. Sau da yawa ɗan kwangilar da ya rubuta manhaja shi ke buɗe asusun dandamali da adireshinsa da katin bankinsa, shi kaɗai ke riƙe da kalmar sirri. Ranar da aka saɓa da shi a kan biya, ko ya bar ƙasar, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai ma'aikata ta tarar ba ta da wata hujja da za ta nuna wa kamfanin cewa bayanan nata ne. Ya kamata asusun ya kasance da sunan ma'aikatar, da adireshinta na hukuma, manyan jami'ai biyu aƙalla su riƙe mabuɗinsa, a kuma rubuta shi cikin takardar miƙa aiki kamar yadda ake rubuta makullin sito da hatimin ofis. Kwafin bayanan kuma a riƙa sauko da shi lokaci-lokaci a ajiye a wani wuri da ma'aikatar ke iko da shi, sa'an nan aƙalla sau ɗaya a shekara a gwada mai da shi kan wata kwamfuta a gaban odita, a buɗe fayil ɗin albashin watan da ya wuce, a ga ko sunaye da lambobin sun fito daidai.